Yadda za ka rubuta tarihin tunawa da mai ƙirƙirar lilo, mu ɗauki George Ferris misali

Duk wanda ya taɓa hawa babban lilon nan mai kama da tayar keke, wanda yake ɗaga mutum sama a hankali har ya hango gari gaba ɗaya sannan ya sauko da shi, toh ya amfana da wahalar wani bawan Allah ko da bai san sunansa ba. Masu ƙirƙirar irin waɗannan kayan wasan yawancinsu ƴan kasuwa ne masu kasada, mutum ya kwashe duk abinda ya mallaka harda na bashi ya zuba a ƙarfen da babu wanda ya taɓa ganin irinsa, amma idan suka mutu rubutun da ake musu baya wuce haziƙi ne, jarumi ne, an yi rashi. Gaskiya abin yana damuna, saboda wannan yabon zaka iya ɗora shi akan kowa ya zauna daram, bai nuna maka waye mutumin ba. Shi yasa nake so mu bi yadda ake rubutun da zai riƙe mutum da aikinsa tare, kuma zan riƙa kawo George Ferris na Amurka saboda labarinsa ya tara kusan duk abinda zaka ci karo da shi.

Kar ka fara da ranar haihuwa. Fara da lilon kansa, a ranar da ya fara juyawa, domin shine dalilin da yasa mai karatu zai tsaya. A wajen Ferris ranar itace 21 ga Yuni 1893, a babban baje kolin duniya na Shikago. Tsayin lilon ƙafa 264 ne, wajen mita 80 kenan, yana da ɗakuna 36 rataye a jikinsa kuma kowane ɗaki yana cin mutum 60, kaga idan ya cika maƙil mutum 2,160 ne a sama lokaci guda. Kuɗin hawa santi 50, rabin dala, ana yin kamar minti 20 a zagaye biyu, zagayen farko yana tsayawa sau shida ana sauke wasu ana ɗaukar wasu, na biyu kuma ya juya ba tsayawa. Kafin a rufe baje kolin mutum sama da miliyan 1.4 suka hau. Idan ka buɗe da wannan ba sai ka ce mutumin haziƙi bane, mai karatu da kansa zai faɗa.

Daga nan sai ka yi bayanin yadda abin yake aiki, kuma anan ne mafi yawan masu rubutu suke zamewa, ko dai su tsallake saboda suna ganin aikin injiniyoyi ne ko kuma su cika shafi da kalmomin da su kansu basu gane ba. Ka zauna ka fahimta tukuna har sai zaka iya yiwa yaro bayani. Lilon Ferris dabarar tayar keke ce aka faɗaɗa, sandunan da suka taso daga tsakiya zuwa baki ba tokare bakin suke ba, janyo shi suke a ɗaure tamau, shi yasa abu mai wannan girman bai zama dutsen da ba zai motsu ba. A tsakiya akwai aksul, sandar ƙarfe guda ɗaya mai tsawon ƙafa 45 da rabi wadda kamfanin Bethlehem ya ƙera, da ita da ƙarafan da aka ɗaura a jikinta sun kai tan 70 da ɗoriya, an ɗora ta akan hasumiyoyi biyu masu ƙafa 140. Injin tururi mai ƙarfin doki 1,000 ne yake juya shi, da wani irinsa a gefe ko da na farkon zai samu matsala, birkin kuma na iska ne irin na jirgin ƙasa. Wannan sakin layin shine zuciyar rubutunka wallahi, domin a nan ne tunanin mutumin yake, yadda ya kalli keke ya hango abinda dubban mutane masu keke basu hango ba.

Sai bayan haka ka koma baya ka kawo asalinsa, amma ka zaɓa, ba komai ake kwasowa ba. Ka ɗauko abinda ya kai shi ga wannan aikin kawai. An haifi Ferris 14 ga Fabrairu 1859 a Galesburg ta jihar Illinois, ya tashi a Nevada, ya gama karatun injiniya a makarantar Rensselaer a 1881, ya yi aikin layin dogo da gadoji sannan ya buɗe kamfaninsa a Pittsburgh na gwajin ƙarfe, wato shi ake kira ya duba ko ƙarfen da za a yi gada da shi zai ɗauki nauyi. Wannan na ƙarshen shine abin riƙewa. Mutumin da sana'arsa sanin inda ƙarfe zai karye, shine ya ce zai rataye mutum dubu biyu a sama, kaga kasadar tasa ba ta ganganci bace, ya san abinda ya taka. Haka idan LaMarcus Thompson kake rubutawa, wanda ya buɗe jirgin wasa mai hawa da gangara a Coney Island da ke New York a 1884 ana biyan santi 5 yana tafiyar mil 6 kacal a awa, dole ka faɗi cewa da sana'ar saƙa safa ya fara tara kuɗi. Ko Stan Checketts na jihar Utah wanda ya rasu a 2022, ya faro ne daga harkar tsalle da igiyar roba kafin ya kafa kamfanin S&S a 1994 ya koma harba mutane sama da matsattsiyar iska, irin lilon Big Shot da aka ɗora a saman hasumiyar Stratosphere a Las Vegas a 1996. Kowannensu akwai zaren da ya haɗa sana'ar farko da ta ƙarshe, aikinka ka nemo bakin zaren.

Maganar kuɗi kuma kar ka ji nauyinta. Ɗan kasuwa kake tunawa, idan ka cire kuɗi ka cire rabin rayuwarsa. Wa ya bashi, nawa, me ya jinginar, wa ya hana shi. Masu shirya baje kolin Shikago suna neman abinda zai goga da hasumiyar Eiffel da Faransa ta nuna a Paris a 1889, Daniel Burnham mai kula da gine-ginen ya ƙalubalanci injiniyoyin Amurka su kawo wani abu, amma da Ferris ya kawo nasa sai aka ce ba zai yiwu ba, zai kashe mutane. Sai a Disamba 1892 aka amince masa, kuma da sharaɗin shi zai nemo kuɗin ginin da kansa, ya bi masu zuba jari ya haɗa wajen dala 400,000. Ka lura da lokacin, Disamba a Shikago ƙasa ta daskare, sai da aka riƙa tura tururi cikin ramin tushe don kar kankare ya daskare kafin ya kama. An buɗe baje koli 1 ga Mayu lilo bai gamu ba, sati bakwai kenan na ciniki suka wuce shi. Irin waɗannan bayanan su suke sa mai karatu ya ji nauyin da mutumin ya ɗauka a ka, ba sai ka ƙirƙiro masa cewa ya kasa barci ko ya zubar da hawaye ba, abinda baka da shaida akai ka barshi.

Sannan ka ambaci waɗanda suka yi aikin tare da shi. Hannu ɗaya baya ɗaukar jinka, kuma babu lilon da mutum ɗaya ya taɓa ginawa. William Gronau abokin aikinsa ne ya sha lissafin nauyin da kowane ƙarfe zai ɗauka, Luther Rice ne ya tsaya akan ginin a fili cikin sanyin nan. Saka sunayensu baya rage Ferris da komai, ni a ganina ƙara masa yake, domin iya zaɓo mutanen da zasu iya ma baiwa ce.

Yanzu ga wurin da yake da santsi, maganar wa ya fara. Duk mai rubutun tunawa zuciyarsa tana son ya ce gwaninsa ne farkon wanda ya taɓa yin abu kaza a duniya. Yi hattara. Tun 1620 wani matafiyi ɗan Ingila mai suna Peter Mundy ya rubuta cewa ya ga ƙananan lilo masu juyawa a garin da yanzu ake kira Plovdiv a Bulgeriya, lokacin yana ƙarƙashin daular Usmaniyya. Kuma a 1892 William Somers ya gina na katako masu ƙafa 50 a Atlantic City da Asbury Park da Coney Island, har ya kai ƙarar Ferris kotu akan an kwaikwayi nasa, ƙarar bata yi nasara ba. Akwai labarin da ake yawan maimaitawa wai a wajen cin abinci tunanin ya faɗo masa ya zana a takarda nan take, idan zaka kawo shi ka ce haka ake faɗa, kar ka mayar da shi kamar kana wajen. Abinda Ferris ya yi da gaske ya ishe shi alfahari, ya ɗauki abin wasa na katako ya mayar da shi ginin ƙarfe mai ɗaukar dubbai lafiya lau, ka faɗi wannan daidai yadda yake.

Ƙarshen rayuwar shima kar ka rufe shi don kana jin tausayi. Lilon ya kawo kuɗi sosai amma Ferris ya ƙare a shari'a da masu baje kolin akan rabon riba, ga masu binsa bashi, aka kwance lilon aka mayar da shi wata unguwa a arewacin Shikago a 1895 ciniki bai yi ba. Ranar 22 ga Nuwamba 1896 taifot ta kashe shi a Pittsburgh yana da shekara 37 kacal, aka ƙona gawarsa kuma tokar ta fi shekara a ajiye babu wanda ya zo karɓa. Duk sanda na zo wannan gaɓar sai jikina yayi sanyi. Lilon ya ƙara aiki a baje kolin St. Louis a 1904, sannan ranar 11 ga Mayu 1906 aka sa masa nakiya aka rusa aka sayar da ƙarafan. Ka rubuta irin wannan a taƙaice da mutunci, ba ƙarin gishiri, ba neman wanda za a zaga. Haka nan idan akwai wani hatsari da ya taɓa faruwa a lilon wanda kake rubutawa ka faɗa, ka kuma faɗi gyaran da aka yi bayansa, waɗanda abin ya shafa suma suna da haƙƙi akan rubutunka.

Ina zaka samo bayanan? Idan tsohon zamani ne ka fara da takardun haƙƙin ƙirƙira, Google Patents yana da na Amurka tun na da can, zaka ga zanen da hannun mutumin ya amince da shi da ranar da aka bashi, kuma a ciki shi da kansa yake bayanin matsalar da yake son warwarewa. Sai tsoffin jaridu, ɗakin karatu na majalisar Amurka ya zuba da yawa a intanet kyauta ƙarƙashin Chronicling America, amma ka sani jaridun lokacin suna da zuzuta abu, duk adadin da ka gani ka nemi wani wuri na biyu da ya faɗe shi ba tare da ya kwafo daga na farkon ba.

Idan kuma mutumin bai daɗe da rasuwa ba toh ka yi sa'a, masu rai sun fi takarda. Nemi izinin iyalinsa kafin komai, ka gaya musu abinda zaka rubuta harda ɓangaren da ba daɗi, kar su tsince shi a Facebook. Bayan su ka nemi masu walda da makanikai da waɗanda suke kunna lilon kullum, su suka san halinsa ranar da gwaji ya ƙi. Kar ka tambaye su wane irin mutum ne, zasu ce mutumin kirki ne hira ta mutu. Ka tambaye su wa ya fara hawa ranar gwajin farko, me ya lalace, me yace da aka gaya masa, wane aiki ne ya zuba kuɗi ya tashi a tutar babu, akwai wata da albashi ya makara, ya akayi. Ka yi rikodin da saninsu, sunan wanda bai yarda a ambace shi ba ka cire.

Kafin ka saki rubutun ka bi lambobin ɗaya bayan ɗaya. Wajen Ferris misali zaka ga wani ya ce ƙafa 250 wani ya ce 264, duka daidai ne, 250 faɗin tayar ce, 264 kuma tsayinta daga ƙasa, ka faɗi wanne kake nufi. Ka zaɓi ƙafa ko mita ka tsaya akai, idan zaka kwatanta da na yanzu kamar London Eye mai mita 135 ko Ain Dubai mai mita 250 sai ka mayar da nasa mita 80 don ma'aunin ya zama ɗaya. Hoto kuma ka sa na lilon da mutane a tsaye a gindinsa, su zasu nuna girman, ka rubuta shekara da wurin da aka ɗauka a ƙasansa. Idan akwai wani aikin mutumin da har yanzu yake juyawa ka faɗi garin da sunan filin wasan don mai son gani ya je, idan kuma an rusa kamar na Ferris sai ka nuna mafi kusa da shi a zamani, wato Riesenrad na birnin Vienna wanda aka gina a 1897 kuma har yau ana hawansa.