Yadda Ɗalibi Zai Gane Ma'adinai ta Hanyar Siffofinsu

Abu na farko da ya kamata ɗalibin ilimin ƙasa ya bambance shi ne dutse da ma'adini. Ma'adini abu ne daskararre da ya samu da kansa a cikin ƙasa, yana da sinadaran da suka haɗa shi bisa ƙayyadadden tsari, dutse kuwa taron ma'adinai ne. Idan aka fasa ɓallin dutsen giranayit, irin wanda ake gani a Kwatarkwashi, za a ga ƙwayoyi iri uku aƙalla: masu kama da gilashi su ne kwaz, farare ko masu ɗan ja-ja su ne felsufa, baƙaƙe masu walƙiya kuma maika ce. Aikin da ke gabanka shi ne ka ɗauki ƙwaya ɗaya ka san ko mece ce, kuma kayan da wannan aiki yake buƙata ba su da tsada. Ka tanadi ƙaramar guduma, da wuƙar ƙarfe, da guntun gilashi, da guntun wayar lantarki ta jan ƙarfe, da fasasshen tayil mai farin baya, da maganaɗisu, da madubin ƙara girman abu, da littafin rubutu.

Kafin kowane gwaji, ka fasa samfurin domin ka sami sabuwar fuska. Ruwa da rana suna canja bayan dutse, kuma a ƙasarmu jar ƙasa takan rina kusan duk abin da ya daɗe a cikinta, saboda haka duk hukuncin da aka yanke bisa tsohuwar fuska yana iya zama kuskure.

Launi shi ne abin da ido yake fara kamawa, kuma shi ne mafi yawan yaudarar ɗalibai. Kwaz kaɗai yana zuwa fari, ko garai kamar gilashi, ko ruwan hoda, ko shunayya, ko mai duhun hayaƙi, alhali sinadarinsa ɗaya ne, ɗan ƙanƙanin gurɓin da ya shiga cikinsa ne yake sauya masa kama. A ɗaya ɓangaren kuma, kwaz da kalsayit da jifsam da barayit duk suna iya zama farare. Ka rubuta launin da ka gani, amma kada ka sa wa samfurin suna saboda shi. Wanda ya fi launi amfani shi ne yanayin ƙyalli: shin fuskar tana sheƙi irin na ƙarfe, ko kuwa irin na gilashi, ko tana da dishi-dishi kamar ƙasa? Wannan tambaya ɗaya tana raba ma'adinai gida biyu, masu sheƙin ƙarfe da marasa shi, tun kafin a taɓa su da komai.

Idan ƙyallin irin na ƙarfe ne, ko samfurin yana da duhu da nauyi, sai ka goga shi a bayan tayil ka duba launin garin da ya bari. Launin gari ba ya canjawa kamar launin jiki. Hematayit, wanda yana cikin taman da ake samu a Itakpe ta Jihar Kogi, yana iya zama baƙi ko ruwan toka mai sheƙi ko ja, amma garinsa kullum ja ne mai duhu. Magnetayit yana barin baƙin gari, kuma maganaɗisu yana kama shi da ƙarfi. A nan ne kuma ake raba zinariya da payirayit, ma'adinin da ya sa mutane da yawa suka zaci sun yi arziki: zinariya tana barin gari rawaya, payirayit kuwa yana barin baƙin gari mai ɗan kore. Sai dai tayil ba ya aiki a kan ma'adinin da ya fi shi tauri, domin farin layin da za ka gani a lokacin garin tayil ɗin ne.

Gwajin da ya fi cancanta ɗalibi ya ba shi lokacinsa shi ne na tauri. A shekarar 1812 wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya jera ma'adinai goma bisa wanda yake iya karce wani: talk shi ne na 1, jifsam 2, kalsayit 3, fulorayit 4, afatayit 5, felsufa 6, kwaz 7, tofaz 8, korandam 9, daimon 10. Lambobin matsayi kawai suke nunawa, domin tazarar da ke tsakanin korandam da daimon ta fi ta kowane mataki biyu da ke ƙasa nesa ba kusa ba. Ba lallai ne ka mallaki waɗannan goma ba, tunda farcenka yana da taurin kusan 2.5, wayar jan ƙarfe kusan 3, gilashi da wuƙa kusan 5.5. Ka fara da farce. Idan ya karci samfurin, to kana tsakanin irin su talk da jifsam, kuma talk yana da santsi a hannu kamar sabulu. Idan farce ya gaza amma wuƙa ta karce shi cikin sauƙi, ka yi tunanin kalsayit ko barayit ko fulorayit. Idan kuwa samfurin ne ya karci gilashi, to ya haura 5.5, kuma mafi yawan lokuta kwaz ne ko felsufa.

Akwai kurakurai biyu da ake yawan yi a wannan gwaji. Na farko shi ne ɗaukar layin gari a matsayin karce. Bayan ka goga, ka share wurin da yatsa, sannan ka bi shi da farce. Idan babu tsagi da farce zai faɗa ciki, to ba a karce shi ba, gari ne kawai abu mai laushi ya bari. Na biyu shi ne gwada dunƙulen da ƙwayoyinsa ba su manne sosai ba, inda wuƙa za ta ɓantare ƙwayoyin yashi, ɗalibi ya rubuta cewa abin mai laushi ne alhali kowace ƙwaya kwaz ce. Ka nemi fuskar ƙwaya guda, kuma ka gwada ta ɓangarorin biyu: samfurin a kan gilashi, sannan gilashin a kan samfurin.

Daga nan sai ka lura da yadda ma'adinin yake fashewa. Wasu suna tsagewa su bar shimfiɗaɗɗiyar fuska mai maido da haske gaba ɗaya idan ka juya ta a rana, domin akwai layukan rauni a tsarin ginuwarsu. Maika tana da irin wannan tsaga ta fuska ɗaya, shi ya sa ake ɓare ta falle-falle. Felsufa yana da biyu da suka haɗu kusan a kan digiri 90. Gishirin dutse da galina, wato ma'adinin dalma, suna da uku, suna karyewa zuwa ƙananan murabba'ai masu kusurwa daidai, kalsayit ma yana da uku amma kusurwoyinsa a karkace suke. Kwaz ba shi da tsaga ko ɗaya, yana fashewa ne da lanƙwasa irin ta fasasshiyar kwalba, kuma wannan ita ce hanya mafi sauƙi ta raba shi da farin felsufa, tunda dukansu suna karce gilashi.

Nauyi ma shaida ne, kuma ana iya auna shi. Ka ɗaure samfurin da zare ka auna shi a iska, ka sake auna shi yana rataye cikin ruwa, sannan ka raba nauyin farko da bambancin da ke tsakanin awon biyu. Samfurin da ya yi giram 60 a iska da 52 a ruwa yana da bambancin 8, sakamakonsa 7.5, wanda ya dace da galina. Kwaz yana ba da 2.65, barayit kusan 4.5, payirayit kusan 5, tsantsar zinariya 19.3. Farin dutsen da ya yi wa hannu nauyi fiye da yadda girmansa ya nuna, kuma wuƙa ta karce shi, akwai kyakkyawan zaton barayit ne, irin wanda ake haƙa a Azara ta Jihar Nasarawa.

Ga kalsayit akwai gwaji na musamman. Ɗigon asid na haidurokulorik da aka tsarma da ruwa yana sa shi kumfa nan take, kuma haka dutsen siminti na Kalambaina ko Ashaka yake yi, domin akasarinsa kalsayit ne. Dolomayit ba ya kumfa sosai sai an mayar da shi gari. Inda babu asid na ɗakin gwaji, ruwan lemon tsami a kan garin samfurin yana ba da ɗan kumfa. Ruwan batir kuwa kada a kusance shi da sunan gwaji.

Game da ɗanɗano, gaskiya ne harshe yana gane gishiri da kanwa, amma ban yarda ɗalibi ya lasa abin da bai sani ba. Galina, wadda aka daɗe ana niƙawa a yi tozali da ita, ma'adinin dalma ce. A shekarar 2010 ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Kada ka niƙa samfuri a inda ake girki ko inda yara suke wasa, ka wanke hannu bayan kowane aiki, ka kuma kare idonka lokacin fasa dutse.

Domin ganin yadda gwaje-gwajen suke taimakon juna, ɗauki baƙaƙen ƙwayoyi masu nauyi da ake samu a rafukan Filato, inda aka daɗe ana haƙar kuza. A ido kusan duk ɗaya suke. Ka busar da su ka bi da maganaɗisu, magnetayit zai manne ya fita daga lissafi. Sauran ka murƙushe su ɗaya bayan ɗaya a kan farin tayil: kasitarayit, wato ma'adinin kuza, yana ba da gari fari ko ruwan ƙasa mai haske duk da baƙin jikinsa, kuma nauyinsa yana kusan 7, kolumbayit kuwa garinsa baƙi ne ko ja mai duhu sosai. Ka rubuta kowane sakamako tare da wurin da ka ɗauko samfurin da kwanan wata, kuma idan shaidu uku ba su haɗu a kan suna ɗaya ba, ka bar gurbin sunan babu komai har sai an duba samfurin da madubin ɗakin gwaji.