Yadda nake sake kallon fina-finai a gida, da yadda nake rubuta sharhinsu

Shekara shida ke nan ina ajiye littafin rubutu irin na 'yan lakkal, mai shafi 200, wanda ba na rubuta komai a cikinsa sai abin da na gani a fim. Yanzu ina kan na huɗu. Abokaina na fada a nan Tawa sun sha tambayata yadda nake tuna abin da su suka manta, alhali tare muka kalla. Abu biyu ne. Fim ɗin da ya cancanci a yi maganarsa sau biyu nake kallonsa, kuma idan tsoho ne, ba na yin kallon farko ni kaɗai.

Ka fara da neman kwafi mai kyau. Masu tura fina-finai a kasuwa za su cika maka kati ko kile da kuɗi kaɗan, amma kada ka bar rumfar sai an buɗe maka fim ɗin ka duba farkonsa, da tsakiyarsa, da minti biyar na ƙarshe. Na taɓa zaunar da gida guda a kan tabarma, muka kai daidai inda alƙali zai yanke hukunci, hoto ya tsaya cak. Ashe rabi aka tura mini. Ka kuma lura ko murya na tafiya daidai da motsin baki, don in ta riga shi ko ta makara, za ka ɗora wa ɗan wasa laifin da ba nasa ba. Wanda ka samu a YouTube, sauke shi tukuna, kada ka dogara da intanet ana cikin kallo. Tsofaffin kaset na bidiyo kuwa, in akwai su a ƙasan akwatin wani a gidanku, a fito da su a jera su a tsaye, nesa da rufin kwano, domin zafin Afrilu da ƙurar hunturu ne ke cinye su. Faifan CD ana goge shi da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba.

Lokacina bayan sallar isha'i ne. Da bazara mukan fito da tele tsakar gida, batir na gefe da cikakken caji saboda ɗaukewar wuta. Kowa ya kife salularsa. Wannan kallo na farko ba a tsayar da shi, ba a rubutu, ba a gardama. Ka bar fim ya yi maka abin da ya zo yi: in dariya ce ka yi, in hawaye ne su zubo. Wanda ya riga ya san labarin ya kama bakinsa.

Maganar abokin kallo ita ce na fi so ka riƙe. Tsohon fim yana ɗauke da abubuwan da idonka ba zai taɓa kamawa ba, don ba ka rayu a zamanin ba. Na gane haka ne ranar da na sa wa Kawuna fim mai suna Moi, un noir, wanda Bafaranshe Jean Rouch ya yi a 1958 a unguwar Treichville ta Abijan, a kan samarin Nijar da suka je neman kuɗi. Oumarou Ganda ne jigon fim ɗin, yana matashi, yana dako a tashar jiragen ruwa. Kawu, kamar Adarawa da yawa, ya yi shekaru yana zuwa cin rani Abijan. Ni na taɓa kallon fim ɗin sau biyu, hankalina duk yana kan yadda aka ɗauki hoto tukuna, daga baya Ganda ya ɗora muryarsa yana ba da labarin kansa. Kawu bai damu da wannan ba. Muna zuwa inda ake ɗaukar buhuna ya ɗaga hannu.

"Ɗana, maido wurin nan. Dubi yadda ya aza buhun ga wuya. Wanga ba wasa yake ba, ya yi dako da gaske."

Na ce, "Kawu, ta yaya kuka gane?"

Ya ce wanda bai saba ba da hannu yake ɗauka, wanda ya saba da ƙafa yake ɗauka. Daga nan ya shiga ba ni labarin ɗakin da suka kwana su goma, da yadda ake damƙa wa mai komawa gida saƙon kuɗi a ƙulle cikin tsumma. Shekara arba'in ina tare da mutumin nan, ban taɓa jin wannan daga bakinsa ba sai da fim ya buɗe shi. Da ya ƙare ya ce abin da ya so gani shi ne ranar komowa gida, don a wurinsa nan ne wuyar take. Mako na gaba sai na nemo masa Cabascabo, wanda Ganda ya shirya da kansa, labarin tsohon soja da ya dawo daga yaƙin da Faransa ta yi a Indocin, wato yankin Biyetnam, da ɗan abin hannunsa, 'yan abi yarima a sha kiɗa suka yanyame shi. Kawu bai ce uffan ba har ƙarshe. Ya dai nemi a ƙara masa shayi.

Don haka ka zaɓi abokin kallo daidai da fim. Na cin rani, nemi tsohon da ya yi cin rani. Na kishiya da zaman gida, zauna kusa da Inna ko Gwaggo, ka bar su su yi magana. Le Wazzou polygame na Ganda, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka na Wagadugu, a 1972, karon farko da aka ba da ita, da matan gidanmu na kalle shi ina fassara musu, kuma rabin abin da na rubuta a kansa daga bakinsu ya fito.

Kallo na biyu na kai kaɗai ne, washegari ko bayan kwana biyu, da littafi da biro. Yanzu ka san inda labari ya dosa, idonka ya samu sararin duba gefe. Tsayar da fim duk inda wani abu ya taɓa ka, ka rubuta mintin. Zaɓi fitowa guda ka kashe murya gaba ɗaya, ka ga ko fuska da jiki kaɗai za su faɗa maka abin da ke faruwa. Ɗan wasan gaske a nan ake gane shi. Sannan ka mayar da murya, ka rufe ido, ka saurara. Ka dubi bayan 'yan wasa: irin ƙwaryar da ke ajiye, ɗaurin kallabi, ginin ƙasa, motar da ta wuce. A tsofaffin fina-finan Nijar na shekarun 1960 da 1970, wannan bayan fage shi kansa dukiya ne, domin wuraren da yawa sun sauya kama.

Akwai dabarar da ta fi kowace amfani a wurina, wato haɗa tsoho da sabo a mako guda, in maganarsu ɗaya ce. Misali, Le Retour d'un aventurier na Moustapha Alassane, na 1966. Alassane ya zauna shekaru masu yawa a nan Tawa kafin rasuwarsa a 2015, amma yaranmu da yawa ba su san sunansa ba, abin da ke ci mini rai ƙwarai. A fim ɗin, wani saurayi ya dawo daga ƙasar waje da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki, suka ɗauki sunayen Turawa, suka addabi ƙauyensu. 'Yar wasan nan ta Nijar, Zalika Souley, na cikinsu. Bai kai minti arba'in ba. Kwana biyu bayansa sai ka sa Zinder na Aïcha Macky, na 2021, wanda ba wasa ba ne, rayuwar gaske ce ta samarin unguwar Kara-Kara a Damagaram, da Hausarmu suke magana. Ƙungiyar samarin da Aïcha ta bi da kyamararta ta raɗa wa kanta sunan Hitler. Shekara 55 tsakanin fina-finan nan biyu, amma ga matasa nan dai suna aron suna da kama daga nesa don a ji tsoronsu a gida. Alassane ya sa mu dariya, Aïcha ta hana mu barci. Da na kalle su a rarrabe, da ban ga zaren da ya ɗinke su ba.

Fina-finan Kano ma haka nake musu. Na sake kallon Sangaya tare da ɗiyata, wadda ta tashi da shirye-shirye masu dogon zango irin su Labarina da Daɗin Kowa. Ta yi ta ƙorafin hoto ya dushe, kiɗan fiyano ya yi ƙara. Na ce mata ta raba laifi gida biyu. Akwai na rashin kayan aiki: kyamara ɗaya, fitila ba isasshiya, murya na shan iska. Wannan ba a kama mai fim da shi. Akwai kuma na ganganci: mutum ya fita da riga fara ya shigo da shuɗiya, ko labari ya manta da wani da ya fara da shi. Wannan ko yau ko jiya laifi ne. Sababbin kuma, hoto tas, amma ka kalli kashi uku a jere ka tambayi kanka me ya motsa daga wurinsa. In ba komai, rubuta haka. Waƙa kada ka tsallake ta a kallo na biyu, ka duba ko ta ƙara wa labari wani abu ko cike lokaci aka yi da ita.

Rubutun kansa shafi ɗaya ya isa. A sama ka sa sunan fim, da shekararsa, da wanda ya shirya shi, da ranar da ka kalla, da wanda kuka kalla tare. Labari a jimla uku, ban da ƙarshensa, don kada ka ɓata wa wani. Sauran shafin ka ba fitowa guda da ta tsaya maka a rai, ka faɗi abin da ka gani filla-filla: wa ya tsaya ina, wa ya yi shiru, kyamara ta daɗe a kan wa. "Ya yi kyau" da "bai yi ba" ba sharhi ba ne, sai ka kawo dalili da minti. In wani dattijo ya faɗi magana, rubuta ta da lafazinsa, kada ka gyara masa Hausa. A ƙasan shafi ka bar layi biyar babu komai, domin bayan shekara biyu za ka sake kallo, kuma mai yiwuwa ka saɓa wa kanka. Na Cabascabo tuni na cika layukan nan har na liƙa wata takarda a gefe.

Yara ƙanana ma ba na barin su a baya. Bon voyage Sim na Alassane zanen kwaɗi ne masu motsi, 'yan mintoci kaɗan, shugaban kwaɗi ya tafi ziyarar aiki. Shi za mu sa ranar Alhamis mai zuwa kafin babban fim, kuma na riga na ba ƙaramin ɗana nasa littafin mai shafi 32.