Yadda Ake Gina Labarin Baikon Ƙarya Har Ya Zama So Na Gaskiya

Cikin labaran da ƙannena marubuta ke turo mini in duba, wanda ya fi yawa kwanan nan shi ne na abokai biyu da suka haɗa baki suka ce wa iyaye suna son juna alhali babu komai, daga baya so ya yi musu shigar sauri. Ina son irin wannan labari ƙwarai. Abin da ke damuna shi ne yadda ake ɗauko shi da tsarin wata al'umma, inda saurayi zai zura wa budurwa zobe su biyu kaɗai, shi ke nan an yi baiko. A Kano ko Zariya ko Damagaram baiko maganar manya ce, kuma a nan ne duk daɗin labarinki yake, 'yar'uwa.

Fara da dalilin da zai sa mutum mai tarbiyya ya yi wa iyayensa ƙarya. Dole ya yi nauyi, kuma kowannensu ya zama yana da nasa. Ita Baba ya ba ta wa'adi, ta fito da miji kafin azumi ko ya haɗa ta da ɗan amininsa, ga shi tana shekarar ƙarshe a Jami'ar Bayero. Shi kuma ƙannensa sun riga shi aure, Hajiya ta sa shi gaba da maganar 'yar ƙawarta. Idan mutum ɗaya ne kawai ke da bukata, ɗayan ya zama ɗan taimako, mai karatu ba zai damu da shi ba.

Sai ki amsa tambayar da kowace uwa mai karatu za ta yi: ina suka san juna har suka saba haka? Abokan karatu ko waɗanda suka yi bautar ƙasa tare za su yi, amma ni na fi son taubasai, ɗan mace da 'yar namiji. Ɗan gwaggonta ne, yana shiga gidansu har ɗakin Inna, ya buɗe tukunya, ta kira shi Yaya tana yi masa tsiya. Babu mai zarginsu. Kuma ranar da magana ta lalace, zumuncin gida biyu ne zai tsage.

Ƙaryar da kanta jimla ɗaya ce. Abin da za ki zauna ki rubuta da kyau shi ne yadda manya za su karɓe ta daga hannunsu. Su a tunaninsu wata uku za su ja, sai su ce ba su daidaita ba. Kafin su ankara Baffanta ya kira 'yan'uwansa, an kawo kuɗin gaisuwa, an raba goro da alawa gida-gida, an ce an ba shi. Sai sa rana. Gwaggo ta fara zarya Kantin Kwari tana tsintar atamfa da leshi na lefe, tana kiran yarinyar a waya ta zaɓi kala. Inna ta kwashi adashinta ta ba kafinta kuɗin gado, ta fito da sarƙar zinarin da ta ajiye tun aurenta za ta sayar saboda kayan ɗaki. Ki tabbata kowane babi an kashe wani abu da ba ya dawowa, kuɗi ne ko mutunci ko farin cikin tsohuwa. Ki tsaya a kan fuskar Inna lokacin da take lissafin kwanuka tana murmushi, 'yarta na gefe ta kasa haɗiye tuwo. Wannan wurin kada ki yi sauri.

Akwai hukunci biyu na addini da ba zan yarda marubuciya ta tsallake su ba. Hadisi ya hana mutum neman aure a kan neman ɗan'uwansa. Ma'ana, da zarar an ce an ba Yaya, duk wani mai sonta da gaske zai janye. Ki kawo irin wannan mutumin, mai kirki ba mugu ba, ya zo ya ji an yi baiko ya yi mata fatan alheri ya tafi. Na biyu, hadisi ya ce abubuwa uku gaskensu gaske ne wasansu ma gaske ne: aure da saki da kome, wato mayar da matar da aka saka. Don haka babu wani abu wai shi auren wasa. In waliyyi ya bayar, aka yanka sadaki, shaidu suka shaida, aure ya ɗauru. Ƙaryarki ta tsaya kafin ranar ɗaurin aure, in kuwa za ki haye, ki nemi malami ki tambaya tukuna.

To yaya son zai bayyana? Ba da dogon jawabi ba. Bahaushiya da kunya ake gane ta kamu. Wadda jiya take ƙwace masa nama a kwano, yau ta ji sallamarsa ta shige ɗaki. Shi da yake faɗawa cikin gida kai tsaye, yanzu surukai ne, sai ya tsaya a zaure ya aiki yaro, a shimfiɗa masa tabarma. Zancen da suka shirya don idon mutane sai ya fara wuce lokaci. Ga irin abin da nake nufi:

"Yaya, ai an kira isha'i, ka tafi haka nan. Sun gan ka, ya isa."

"Na sani."

Bai tashi ba, ita ma ba ta naɗe tabarmar ba.

Wani wuri da ban ga an yi amfani da shi sosai ba shi ne gwajin lafiya. Tun 2024 dokar Jihar Kano ta wajabta gwaji kafin aure, har da na ƙwayar halittar jini saboda sikila. Ki kai su asibiti. Idan sakamako ya nuna dukansu AS ne, wato za su iya haifar mai sikila, sun sami mafita mai tsabta, iyaye da kansu za su warware maganar ba tare da an zargi kowa ba. Abin da ya kamata su yi fata ke nan. Sai ga ta a kan benci tana jiran takarda, ta kama kanta tana addu'ar Allah Ya sa kada ya zama haka. Ba sai kin ce mana ta faɗa soyayya ba, mun riga mun gani.

Gaskiya dole ta fito, kuma daga bakinsu nake so ta fito, ba wata 'yar gulma ta tona ba. Shi ne namiji, shi zai durƙusa gaban Baffa ya ce, "Baffa, ƙarya muka yi muku da farko, amma yanzu ina sonta, in za ku yafe ku ba ni." Kada Baffa ya yafe a shafi ɗaya. Ya yi fushi, ya ɗage ranar, Inna ta daina yi wa 'yarta magana na ɗan lokaci. Na sha karanta inda aka wuce wannan da dariya, kuma raina ba ya so, domin an yi wasa da dattawa, sai an biya.

In kashi-kashi kike sakin labarin a WhatsApp ko Wattpad, ki riƙa yanke kowane kashi daidai inda wani babba ya ɗauki sabon mataki: an aiko da goro, an tsayar da wata, akwatunan lefe sun iso. Furucin so kuma ki riƙe shi har sai bayan sakamakon asibiti, kada ki sake shi kafin nan ko da masu karatu sun cika ki da roƙo.