Yadda za a gyara gilashin rufin mota idan yana cijewa wajen buɗewa

Ana yawan yin wannan tambayar. Galibi matsalar ƙura ce da busasshen giris, ba ƙaramin injin da ke jan gilashin ba.

1. Kunna mota, don batiri mai rauni ma yana sa gilashin ja da ƙyar.
2. Danna maɓallin, ka saurara. Shiru? Duba fiyus. Idan injin gilashin na kuka amma gilashi bai motsa ba, mai yiwuwa matsalar tana layin da yake bi.
3. Buɗe shi iya inda ya tsaya da kansa.

Hattara: da ya cije, saki maɓallin. Ci gaba da dannawa na cinye haƙoran giyar injin gilashin, ko ya lanƙwasa wayar da ke jan gilashin, kuma wannan gyaran ya fi tsada nesa.

4. Tsince yashi, ganye da tsakuwa daga layukan biyu da burushi mai laushi.
5. Goge tsohon giris da tsumma har ƙarfe ya fito fes.
6. Wanke robar gefe da ruwan sabulu, ka bari ta bushe.
7. Shafa giris na silikon kaɗan, kamar ƙwayar wake a kowane gefe. Yawansa ƙura yake tarawa. Kada ka sa baƙin mai, yana kumbura roba.
8. Buɗe ka rufe sau 3 ko 4.
9. Idan yana tsayawa a rabi ya koma baya, sake saita shi yadda littafin motar ya nuna.

Gefe ɗaya na riga ɗaya tafiya? Wani abu ya karye a ciki, sai makaniki.