Yadda na rabu da ƙuncin safiya

Kusan wata 3 na yi ina tashi da ƙunci ba gaira ba dalili, har yaran shago suka fara kaffa-kaffa da ni. Da na zauna na duba sai na ga wayar nan ce, ina kwance ina ta latse-latse a Facebook da TikTok har ƙarfe 2 na dare, hasken wayar kuma yana hana barci zuwa da wuri, asuba ta yi in tashi jiki duk a mace.

Daga sallar isha'i yanzu a falo nake barinta tana caji. Kwanakin farko wallahi da wuya. Bayan asuba ba na komawa barci, takawa nake yi daga Tudun Wada zuwa Ƙofar Doka in dawo rana na fitowa, in tsaya wajen mai koko da ƙosai mu gaisa da mutane, gaisuwar nan kaɗai tana sauke min nauyi a ƙirji.

Ran Juma'a kuma ina shiga birni gaida Goggo a Kwarbai. Wancan satin ta dube ni ta ce "ɗan nan ka washe", ta sa aka dama min fura.