Kurakuran da aka fi yi wajen canza akwatin wuta a tsofaffin gidajenmu

Kwanakin baya aka kira ni wani gida a unguwar Aboabo da ke Kumasi, irin gidajen nan na gado masu ɗakuna goma sha biyu kewaye da tsakar gida. Dattijon gidan ya ja ni zaure ya nuna mini allon katako da aka kafa tun zamanin mahaifinsa, da fis na tangaran guda uku a jere. Na zaro na tsakiya. Maimakon siririyar wayar fis, sai ga tagulla mai kauri an nannaɗa ta har sau huɗu, tangaran ɗin ya yi baƙi, katakon da ke bayansa ya fara zama gawayi. Na ce, "Baba, tun yaushe wurin nan yake ƙauri?" Ya ce, "Ɗana, tun azumin bara, musamman in an kunna firiza ana kuma guga."

Lokacin da aka ja wa gidan nan wuta, ƙwai da fanka da rediyo kawai aka yi wa lissafi. Yau kowane ɗaki da firji da talabijin da butar lantarki, wasu har da na'urar sanyaya ɗaki. Haka abin yake a Asawase, haka a Sabon Zango. Canza akwatin ya zama dole, sai dai wajen canzawar ne mutane ke yin kurakuran da suke tayar mini da hankali.

Wanda ya fi kowanne yawa shi ne ƙara girman bireka, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa in nauyi ya yi yawa, don ta daina faɗuwa. Mai gida zai ce, "Wannan ta cika faɗuwa, sa mana babba." Abin da ba a gane ba shi ne, bireka waya take karewa, ba firji ko talabijin ba. Kowace waya tana da iyakar nauyin da za ta ɗauka kafin ta yi zafi. Wutarmu a Ghana folt 230 ce, don haka butar lantarki mai wat 2,000 tana jan kusan amfiya 9 ita kaɗai. Ƙara mata dutsen guga da firiza a layi ɗaya, ka ga an doshi amfiya 20. Siririyar waya mai milimita 1.5 ta ƙwai ce da fanka, birekarta amfiya 6 ko 10. Soket yana son milimita 2.5. Hitar ruwa da kuka, wato na'urar girki ta lantarki, kuwa suna son milimita 4 ko 6, kowace da layinta. In ka ɗora bireka mai amfiya 32 a kan waya mai milimita 1.5, birekar ba za ta faɗi ba har robar wayar ta narke a cikin silin, inda ba wanda yake gani. Ga kuma zafin kwano a watan Maris, wanda shi ma yake rage wa waya ƙarfi. Faɗuwar bireka magana ce take yi maka: ko kaya sun yi yawa, ko akwai lalura a layin. Maganin shi ne a raba layin gida biyu ko uku, a ja sabuwar waya daidai da nauyin.

Kusa da wannan akwai ɗora sabon akwati a kan tsohuwar waya ba tare da an gwada ta ba. Akwatin ya yi fari tas a bango, mai gida ya ji daɗi, alhali wayar da ke cikin gini ta shekara arba'in. Na sha taɓa irin wannan waya robarta ta rududduge a yatsana kamar busasshen ganye. Ɓera ya ci wani wuri, wani wurin kuma an murɗa waya biyu an naɗe da leda. Mai aikin kirki zai kashe wuta ya ɗora na'urar gwaji a kan kowane layi, ya auna lafiyar robar, kafin ya faɗa maka kuɗin aiki. Wanda ya yanke maka farashi daga bakin ƙofa bai san abin da zai tarar ba. A lura kuma da launi: tsohuwar waya ja ce da baƙa, sabuwa ruwan ƙasa da shuɗiya. In sun haɗu a akwati ɗaya a yi musu alama, don kada na gaba ya rikice.

Sai maganar wayar ƙasa, mai kai wutar da ta yoyo cikin ƙasa, wadda ita ce ta fi damuna, domin ita ce ta shafi rai kai tsaye. Gidaje da yawa a zango ko dai ba su da ita sam, ko kuwa sandar da aka kafa tun fil azal ta yi tsatsa ta rabu da wayarta. Alamar ba ta ɓuya. In Hajiya ta ce firji yana "cizonta" in ta taɓa shi ba takalmi, ko famfon banɗaki yana fizgar hannu, to wuta ce take neman hanyar ƙasa ta jikin mutum. A kafa sabuwar sandar tagulla a wuri mai laima, a haɗa ta da waya mai launin kore da rawaya har zuwa kowane soket, sannan a auna ta da na'ura. Da hunturu ƙasa kan bushe ta rage aiki, shi ya sa ake so sandar ta nutse sosai.

Wayar ƙasa kuma tana tafiya ne da na'urar da masu aiki ke kira RCD. Bireka ba ta san mutum ba. Ɗan abin da zai tsayar da zuciyar yaro bai kai ko amfiya ɗaya ba, ita kuwa sai an wuce amfiya 10 ko 20 take motsi. RCD mai miliamfiya 30 tana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo, in ta ga bambanci ta yanke kafin ƙiftawar ido. Kuskuren da ake yi shi ne, in aka sa ta a tsohon gida ta fara faɗuwa, sai a ce ba ta da kyau a tsallake ta da waya. Ita kuwa lalura ta gano: ko ruwan sama na shiga wani soket, ko an cakuɗa wayoyin dawowa na layuka biyu, ko hita ta fara yoyo. A bi layi ɗaya bayan ɗaya har a kama mai laifin. A gidan haya kada a rataya kowa a kan RCD guda, domin butar mutum ɗaya za ta jefa gida duka cikin duhu, daga nan sai rigima, daga rigima sai a cire ta. A raba aƙalla biyu. Tana da ɗan maɓallin gwaji a jikinta, a riƙa danna shi duk wata shida.

Araha ba ta ado. Akwai waya a kasuwa da ake shafa wa alminiyon ruwan tagulla. Kankare bakinta da wuƙa, in ka ga fari ka ajiye. Muna da masana'antun waya a Tema, irin su Tropical Cable da Nexans Kabelmetal, a saya wurin dillalin da aka sani a karɓi rasit. Bireka ma haka, ta jabu ba ta da nauyi a hannu.

Mita da abin da ke bayanta zuwa fal na ECG ne, wato kamfanin rarraba wutar lantarki na Ghana. Kada ka bari kowa ya ɓalle hatiminta, laifi ne, kuma ko ka kashe babban makunnin gida wannan ɓangaren yana nan da wuta. Sabon akwati ba ya ƙara maka wutar da ke shigowa. In kayan gidan sun fi ƙarfin layi ɗaya da ke shigowa daga fal, a je ofishinsu a nemi layi uku ko a raba wa 'yan haya mita.

Tun shekarun dumso, lokacin yawan ɗauke wuta, wajen 2014 da 2015, janareta ya shiga gidaje, ya kuma zo da mugun hali: waya mai filogi kai biyu, ɗaya a janareta ɗaya a soket. Wannan wutar tana komawa kan fal, tana iya kashe ma'aikacin da ya hau gyara yana zaton layi a mace yake. Tun da an buɗe akwati, a sa canjoba, makunnin da ke raba wutar janareta da ta ECG.

Wane ne zai yi aikin? Dokar jan wayar lantarki ta 2011, wato L.I. 2008, ta ce sai wanda Hukumar Makamashi ta ba shaida. Ka nemi ya nuna maka katinsa, ba rashin kunya ba ne, ko da ɗan unguwa ne kuna sallah sahu ɗaya. In ya gama, mai dubawa na daban ya gwada aikin a ba ka takarda. Ka tsaya kuma sai an rubuta sunan kowane layi a ƙarƙashin birekarsa, an bar gurbi biyu ko uku babu komai saboda gaba.

A gidan Aboabo kwana huɗu muka yi. Layuka uku suka koma goma, wayar ɗakuna biyar ta faɗi gwaji muka zare ta, muka kafa sanda kusa da magudanar ruwa. Da zan tafi na kira jikar Baba, 'yar sakandare, na nuna mata babban makunni da maɓallin gwaji, na ce in ta ji ƙauri ta fara kashe wannan, kada kowa ya watsa ruwa, a kira 'yan kwana-kwana a 192 ko 112. Ta ɗauko biro ta rubuta lambobin a cikin murfin akwatin.