Masu Zuwa Landan, A Kula Da Katin Oyster

'Yan uwa, in kun shiga jirgin ƙasa a Landan da Oyster (katin biyan kuɗin sufuri na birnin) ko katin banki, ku taɓa katin a na'ura mai launin rawaya lokacin shiga, ku sake taɓawa lokacin fita. Kuɗin ya danganta da nisan tafiya, don haka in na'ura ba ta ga inda kuka sauka ba, mafi tsadar kuɗi za ta cire, kuma ba ya shiga lissafin iyakar kuɗin yini, wato adadin da in kun kai shi ba a ƙara cire muku kuɗi a ranar.

An fi mantawa a tashoshin DLR (layin ƙaramin jirgin ƙasa na gabashin Landan), don yawancinsu ba ƙofa. Kada kuma ku shiga da waya ku fita da kati, tafiya biyu za a lissafa. A bas kam, taɓawa ɗaya ce.

In an cire, ku nemi a mayar muku ta shafin TfL, hukumar sufurin Landan, kafin mako 8 ya cika.